Bindiga Cikin Kayan Gado

Mahaifinmu ya rasu a Kalfu shekarar da aka karya darajar sefa, bayan an gama shigar da gero rumbu. A lokacin ina koyarwa a wata lakwal, makarantar boko, a Tawa, albashi yakan yi watanni bai leƙo ba. Baba mutum ne dogo mai sanyin hali, ko ragon layya ba ya iya yankawa, sai ya kira maƙwabci. Da ƙuruciyarsa ya yi aikin kuku a gidan wani nasara likitan dabbobi a Tawa, daga baya ya koma gona. Ƙarshen rayuwarsa ɓarin jikinsa ya shanye, ya daɗe kwance, ko ludayi ba ya iya riƙewa.

Bayan sadakar arba'in, ni da yayana muka shiga ɗakinsa mu fito da kaya don malam ya raba gado. Inna tana nata ɗakin tana takaba, ba wanda ya sa ta cikin maganar. Riguna ne, da buzun salla, da rediyon da ya daina magana tuntuni. Yaya ya miƙa hannu saman azara zai sauko da tsofaffin tabarmi, sai ya ji katako. Muka jawo akwati dogo siriri, an naɗe shi da fatar akuya.

Da Yaya ya buɗe, sai ya ja da baya har ya buge ƙofa. Bindiga ce kwance cikin jan ƙyalle, baƙin ƙarfenta yana sheƙi, katakonta sumul kamar an shafa masa man shanu. A bayanta an ɗaura wani dogon madubi irin bututu, na hangen nesa. Na tsaya baki buɗe. Abin da ya fara zuwa mini shi ne, wani ne ya ba Baba ajiya. Na kasa haɗa wannan abu da mutumin da na sani.

Malam ya leƙa akwatin, ya yi salati, ya ce, "Dukiya ce. Ba a raba gado a bar ta. Sai an san kuɗinta."

Aka kira wani tsohon maharbi na garin. Ya ɗaga ta, ya ce nauyinta ya yi yawa, kafin mutum ya kai daji kafaɗarsa ta sage. Ya sa ɗan yatsa a bakinta, ya yi tsaki. "Wanga ɗan rami ko gada ba shi kayarwa. In an ba ku akuya, ku karɓa."

Yaya bai yarda ba. Manomi ne mai iyali da yawa, geronsa bai yi kyau ba a damanar, ya ce abu mai sheƙi haka ya wuce akuya. Tunda ni ke zaune birni, aka ɗora mini aikin nemo wanda ya sani.

Lokacin ba na yawo da bindiga ba ne. Arewa ba lafiya, ana tawaye, motocin da ke nufa can sai da rakiyar soja, kowace mashigar gari akwai shinge. Na naɗe akwatin cikin tabarmi, yaron mota ya ɗaure shi a sama tare da buhunan gero. A bakin Tawa jandarma ya sauke mu, ya dafa ƙarshen tabarmin da ya zazzago da hannu ɗaya, yana duba katinmu da ɗayan. Ina kallon hannun nan, gumi yana bin bayana. Ya miƙo mini katina, ya kira ni yadda ake kiran malamin lakwal, ya ce, "Mushe, zazzaɓi kake?" Na ce eh.

A unguwarmu akwai wani tsohon sarjan da ya yi ritaya, wanda duk aikinsa na soja a ɗakin ajiyar makamai ya yi shi. Da hantsi na kai masa akwatin. Ya buɗe, ya dube ni, ya tashi ya saka sakatar zaure, sannan ya dawo ya zauna.

Ya zare ƙarfen da ake ja a ɗura harsashi, ya shimfiɗa farin ƙyalle a rana, ya leƙa ta cikin bututun yana juya shi a hankali. Ya duba lambar da ke jikin ƙarfen da ta jikin bututun, ya ce ɗaya ne, ba a taɓa canja mata komai ba. Ya ce in taɓa kunamar. Ban ma san na taɓa ba, sai na ji ƙas.

"Ka ji ko?" in ji shi. "Wagga ba ta yaƙi ba ce, ba ta farauta ba ce. Ta gasa ce. Nasara kan kafa takarda can nesa, da baƙin ɗigo a tsakiya, su kwanta su yi ta harbi su ga wa ya fi kusa da ɗigon. Shi ya sa take da nauyi, don kada ta motsa. Harsashi guda take ci, ɗan ƙarami."

Na ce, "Baba sarjan, takarda kawai?"

"Takarda kawai."

Sai ya ɗauki madubin ya nufi taga da shi, ya ce in leƙa. Na ga wata mata a kan soro a ƙarshen unguwa tana shanya kuɓewa, har ina iya ganin zoben hannunta. Na janye ido da sauri kamar ta kama ni. Ya ce madubin aikin Jamus ne, gilashinsa ba hazo ba tsaga, kuma ya fi bindigar kanta tsada. A Turai akwai masu neman irin waɗannan tsofaffi su ajiye. Da a can muke, kuma ga shi an karya sefa, abin da za a biya zai sayi gonar Baba da shanunsa biyu, a yi saura.

Baba ya mutu a kan tabarma, muna haɗa ƴan kuɗin magani da ƙyar, ashe wannan abu yana saman kansa.

"Kada ka yi saurin murna," in ji sarjan. "Can na ce. Nan ba ka da takardarta, in an kama ka da ita kuɗinta kaso ne, gidan yari. Kuma akwai abin da ya rage mata daraja." Ya nuna mini gindin katakon, inda ake dannawa a kafaɗa. An yanke shi an rage tsawonsa, an mayar da farantin ƙarfen da kyau. "Babanka gajere ne?"

"Dogo ne. Ya fi ni."

"To ba don shi aka yanke ba." Ya shafa ƙarfen ya sunsuna yatsansa. "Kuma man keken ɗinki ne wanga, bai tsufa ba. Wani na kula da ita."

Na ce Baba ya daɗe hannunsa ba ya aiki. Sarjan ya ɗaga kafaɗa ya rufe akwatin.

Na aika wa Yaya saƙo ta bakin direba cewa ya zo. Da ya ji abin da sarjan ya faɗa, ya riƙe baki, bai ji komai ba sai maganar gona da shanu. Ranar Lahadi ya shiga kasuwar dabbobi, ban san wa ya gaya wa ba. Da la'asar sai ga shi da wani alhaji mai farar shadda, ɗan kasuwa da ban taɓa gani ba. Alhajin bai ko ɗaga bindigar ba. Madubin ya sa a ido ya leƙa titi, ya yi murmushi.

"Bindigar ku riƙe abinku," in ji shi. "Wannan nake so. Ana iya ɗora shi kan wata."

Ya faɗi abin da zai bayar, ya ma wuce ƙiyasin sarjan.

Na ce, "Alhaji, wa zai saya a hannunka?"

"Akwai masu so can sama." Ya nuna arewa da haɓa. "Ni ba na tambayar mutum abin da zai yi da kayansa."

Ina da abokan aiki da aka tura makarantun can, suna bin hanyar nan a bayan mota a buɗe. Na ce kayan marayu ne, ba mu da ikon sayarwa sai malam ya yarda. Alhajin ya ce zai dawo.

Da ya fita, Yaya ya tashi tsaye. Ban taɓa ganinsa haka ba. Ya ce ni mai albashi ne, ko ya makara zai zo, shi kuwa ƴaƴansa za su kai bazara ba hatsi. Ya ce ba shi zai harbi kowa ba. Gaskiya ya faɗa game da hatsin. Muka rabu a kan a koma Kalfu a sa maganar gaban malam.

Kafin mu samu komawa, Inna ta fita takaba. Muka taru a tsakar gida da safe, malam da gwaggonmu ƙanwar Baba da ƙannenmu mata. Yaya ya ajiye akwatin yana bayani. Inna ta fito daga madafa da tsintsiya a hannu, ta ga fatar akuyar, ta tsaya cak.

"Wa ya taɓa mini wannan?"

Inna ƴar ƙaramar mace ce, ba ta kai kafaɗata ba, ban taɓa jin ta ɗaga murya gaban malam ba.

Yaya ya ce, "Inna, ta Baba ce. Tawa muka kai ta a yi mata kuɗi."

"Tawa? Cikin mota?" Ta yar da tsintsiyar, ta goge hannu a zane, ta durƙusa. Ta ɗauko bindigar, ta ja ƙarfen ta leƙa ciki, ta mayar, duk ba ta ko kallon hannunta. Sai ta ɗora ta a kafaɗa. Gindin da aka yanke ya zauna daram.

Ƙanwata ta ce, "Innalillahi." Ni kuwa na zauna a kan turmi.

"Tawa ce," in ji Inna. "Wa ya tambaye ni?"

Ta ba mu labarin a tsaye. Tana amarya Baba ya kai ta gidan likitan, tana yi wa matar gidan wanki da guga. Madam ɗin ita ke da bindigar, tun ƙasarsu take gasa. Ba ta da abokiyar hira, sai takan ɗauki Inna a mota su fita bayan gari, Inna ta kafa mata takarda a jikin tudu. Wata rana ta ce ta gwada. Kafin shekara ta zagayo, Inna ta fi ta. Madam ta sa aka rage katakon daidai hannun Inna, da za su koma gida kuma ta bar mata ita. Baba ya ce a ajiye a ɗakinsa, kada mutane su ji su ce matarsa maharbiya ce. Duk bayan damana takan sauko da ita ta shafa mata mai, yana kallo.

Gwaggo ta ce, "Haka ne. Ni na riƙe akwatin a mota ran da suka dawo."

Malam ya gyara zama ya ce, in haka ne ba gado ba ce.

Yaya ya ce, cikin wata murya da ba tasa ba, "Inna, ke? Ke da kanki?"

Ta shiga ɗaki ta fito da ɗan gwangwanin harsasai daga cikin kwallayenta, ta ce in kife ƙoƙo a kan kututture can ƙarshen gonar bayan gida. Duk muka bi ta, har malam. Ta shimfiɗa zane ta kwanta rub da ciki, tsohuwa mai jikoki. Harsashin farko ya ƙi tashi, ya tsufa. Na gaba ya yi ƙara kamar an karya kara, ƙura ta tashi gefen kututturen.

"Kun girgiza mini madubi," ta ce, ba ta ɗago ba. Ta murɗa wani ɗan ƙarfe a samansa, ta ja numfashi. Ƙoƙon ya yi tsalle ya faɗi. Da na ɗauko shi, ramin yana tsakiya.

Na gaya mata abin da alhajin ya taya da inda madubin zai tafi. Ta ce ko da raƙuma ya zo ba ta sayarwa. Daga kasonta na gado ta bar wa Yaya saniya, ya sayar ya sayi gero, amma ya daɗe ba ya shiga gidana in ya zo Tawa. Alhajin ya dawo sau ɗaya, na ce masa mai kayan ta ƙi. Ya ce, "Ta?" Na ce eh, na rufe ƙofa.

Da aka yi sulhu a arewa, aka yi kira a rediyo duk mai makami ba takarda ya miƙa. Inna ta sa na raka ta, ta miƙa bindigar da madubin da hannunta. A mota muna komawa na tambaye ta ko ta taɓa kashe wani abu da ita. Ta dube ni kamar na zage ta.

"Ko tsuntsu," in ji ta. Ta juya tana kallon gonaki har muka isa Kalfu.