Kaskon Kaka a Goutte d'Or

Ina da shekara goma sha ɗaya Kaka ta zo mana Faris daga Damagaram, kuma cikin kayanta har da kaskon wuta na yumɓu, naɗe cikin zane uku. Baba ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a nan ba a jin ɗumi da gawayi, akwai shofaj, ƙarfen nan mai ɗumama ɗaki. To, a gidanmu na unguwar Goutte d'Or, hawa na huɗu, shofaj ya mutu tun farkon Disamba. Baba ya kira mai gidan da muke haya ya fi a ƙirga, amsa ɗaya ce kullum: sai bayan bikin Nowel, wato Kirsimeti. Har yau in na tuna muryar mutumin nan a tarho sai raina ya ɓaci.

Haka kasko ya fito. Kaka ba ta wasa da wuta, wannan zan faɗa ko a gaban wa. A bakin taga take hura gawayi, ta bar shi waje har ya yi jawur, hayaƙi ya ƙare ƙaf, sannan ta shigo da shi. Ta kuma bi 'yan ramukan iska na saman ƙofa da na bangon kicin ta cushe da tsumma, don a ganinta maginin da ya bar rami a bango a ƙasar sanyi bai san aikinsa ba. Da an yi magariba, wadda a lokacin take faɗuwa tun wajen ƙarfe biyar, ni da ƙanwata Balki sai mu miƙe ƙafafu gaban kasko. Ta barbaɗa turare, ɗakin ya cika da ƙamshin garin da ba mu taɓa gani ba.

"Ga ta nan, ta sha hanya," in ji Kaka.

"Ta zauna mu ji ta," mu amsa, da Hausarmu da take cewa an wanke ta da ruwan Nasara.

Tatsuniyar da muka fi roƙo ita ce ta Wuta da ƙanenta Hayaƙi. Wai tare suka sauka gidan wani mutum. Wuta aka ba tsakiyar ɗaki, ana ciyar da ita itace, ana yaba kyanta. Hayaƙi kuwa kowa tsaki, ana korarsa da faifai, ana ce masa mai sa mutane hawaye. Yana haɗiye zagin, tunda rufin ciyawa ne, yana da ta inda zai sulale ya yi sama. Ana nan sai mutumin ya yi arziki, ya gina soro, ya yaɓe kowace kafa, ranar wani sanyi ya ja ƙofa ya rufe. Hayaƙi ya zaga ya zaga, babu hanya.

A nan Kaka take rage murya, ta zaro ido. "Ya ce, kun ci moriyar yayata, kun zage ni shekara da shekaru, yau kuma ko hanyar fita kun hana ni? To, da ku zan fita. Ya bi su ɗai-ɗai, ta hanci. Da maƙwabta suka ɓalle ƙofa, ko tabarma ba ta ƙone ba, amma ba wanda ya tashi."

"Kaka, bai yafe ma yaran ba?" Balki takan tambaya, kullum.

"Yafiya? Hayaƙi bai san ta ba, 'yar nan. Shi ya sa nake sallamarsa a waje kafin in shigo da yayarsa."

Cikin hutun Nowel ɗin nan, kwana biyu Kaka tana kukan ciwon kai, mu ma haka, muka ɗora wa sanyi. Ranar na uku bayan azahar, Baba da Inna suna wurin aiki, ta aike ni sayen burodi. Na tsaya kallon fitilun da aka ƙawata kantuna da su, na daɗe. Da na dawo na tarar da Kaka jingine da bango, carbi a hannu, Balki kwance a cinyarta. Kasko na ci jawur, babu ko ɗigon hayaƙi. Na kira, shiru. Na girgiza Balki, kanta ya langaɓe. Ihuna ne ya fito da maƙwabciyarmu Hajiya Falmata, 'yar Chadi, ita ta wangale tagogi ta kira 'yan kwana-kwana. Balki ta farfaɗo a asibiti. Kaka ba ta farfaɗo ba.

Ɗaya daga cikin 'yan kwana-kwanan ya zaro tsummokaran nan ya nuna wa Baba. Ya ce gawayi ko ya daina hayaƙi yana fitar da wata iska mai kisa, ba ta da launi, ba ta da wari, kuma ramukan nan don irinta aka yi su. Kaka ta kiyaye tatsuniyarta tsaf, abin da ta sani ta yi. Kwana biyu bayan jana'iza mai gidan ya aiko aka gyara shofaj. Aikin bai kai awa guda ba, ina tsaye ina kallo. Inna ta ce in bar wa Allah. Na bar masa, amma ban yafe ba, kuma ba ni da niyya. Kaskon kuwa ni na sauka da shi tsakar gida na maka shi da ƙasa, na bi gutsattsarin na tattake.

Yanzu ina Liyon, ina aikin jinya. Mai gidan can ban san inda yake ba, amma abin da ya kashe Kaka na san inda yake ɓuya. Duk Disamba nakan bi gidajen matanmu na unguwar Guillotière, in gaishe su yadda ya kamata, in tambayi iyali da sanyi, sannan in ja kujera in hau in leƙa ramukan iska. Har suna sun sa min, Zalika mai zare tsumma.

"Haba ɗiyata," wata tsohuwa ta ce min bara, "ɗan garwashin turare ne fa, ko hayaƙi babu."

"Hajiya, na Kakata ma babu hayaƙi," na ce. Ban tashi ba sai da aka kashe shi, aka buɗe taga, na liƙa mata na'urar da ke ƙara in iskar ta taru.

Ina yi wa ɗiyata tatsuniyar, sai dai na ƙara abin da Kaka ba ta sani ba: Wuta da Hayaƙi suna da auta, wadda ba a gani, ita ce take zama a ɗaki bayan an sallami yayanta. Rannan ta ɗago kai ta tambaye ni ko autar tana yafiya.

Na ce mata a'a. Ni ma haka.