Sallamar da Ba a Ji Ba

Ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba zan manta ranar da Baba ya ture maganinsa gefe ba. Muna zaune a Makera, ni kuma ina karatun aikin jinya, ina ji da kaina.

Ciwon suga ya ramar da shi, ga gyambo a babban yatsan ƙafarsa, likita ya ce in bai warke ba sai an yanke. Ya kuma gaya masa jikinsa na yin insulin, sinadarin da ke sarrafa suga, amma ƙwayoyin jikin ba sa karɓa. Wannan maganar Baba ya riƙe.

"Jiki ya ƙi, Uwata," in ji shi. "Sallama uku ake yi. In ba a amsa ba, sai mutum ya kama mutuncinsa ya juya."

Na zazzage masa duk turancin da na haddace, yana kallona kamar mai sauraron rediyon wata ƙasa. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Bayan la'asar ya jawo sandarsa zai leƙa maƙwabcinmu, wani dattijo mutumin Kafanchan da ƙarar injin masaƙa ta taɓa masa kunne. Kullum Baba sai ya tsaya ƙofarsa yana rafka sallama har unguwa ta ji.

Na ce, "Baba, shi sallama nawa kake masa?"

"Har sai ya amsa mana."

"Ba uku ba?"

"Ke, ai shi ba ƙi ya yi ba. Bai ji ba ne."

Na ce to haka jikinsa yake. Kowace ƙwayar halitta ta jiki tana da masu tsaron ƙofa. Insulin kan rako abinci ya yi sallama, amma kunnensu ya yi nauyi. Abinci na waje cikin jini, 'yan gida na fama da yunwa. Maganin nan ɗaga murya yake yi.

Baba ya jingine sandarsa. Can ya ce, "Ashe tsufa suka yi, bayin Allah. Miƙo mini ruwa da maganin."

Na juya don kada ya ga ƙwallata. Gyambon ya daɗe, amma ya warke, kuma da yatsan ya ci gaba da takawa zuwa ƙofar abokinsa.

Tun ranar, in na yi wa mutum magana ya yi shiru, ba na saurin cewa ya ƙi. Nakan matsa kusa in sake sallama.