Fassarar Rakiya ta fi maganar tsawo

Jiya muna kallon wasan kwaikwayon Pakistan da ɗiyata Rakiya, wadda ta zo hutu daga Villeurbanne ta Faransa. Ba mu jin Urdu, rubutun Faransancin da ke ƙasan hoton kuma gudu yake mini, don da girmana na koyi karatu. Ita ke mayar mini da Hausa.

Aka zo inda uwa ta matsa wa budurwa ta haƙura da masoyinta. Rakiya ta fassara: "Inna, yana da hankali, yana salla, ku gan shi kafin ku ƙi."

Na tsayar da hoton, na bi rubutun da yatsa. "Oui, maman" kawai aka rubuta, wato "To, Inna".

Na juyo gare ta. Na ce, "Rakiya, duk wannan cikin kalma biyu?"

Ta sunkuyar da kai. "Nawa nake nufi, ajinmu ɗaya, Inna. Ɗan garin Tawa ne, shi ma ya zo hutu. Tsoron faɗa miki nake."

"To, ya zo ran Lahadi ya ci tuwo. Babanki kuma ki bar mini shi."

Fargaba ba ta sake ni ba, amma na ji daɗi da ni ta fara gaya wa. Iyaye, naku ta ina suka ɓullo muku?