Yayata da Cokali Talatin da Biyu

Shekara goma sha tara Yayata ta yi tana ɗanɗana wa mutane zaƙi. Aikinta ke nan a wani kamfanin lemon kwalba da ke bayan tashar mota. Manyan tukwanen ƙarfe takwas ne a ɗakin dahuwa, kowacce ta fi ta tsawo, kuma ba a tura ruwan sukarin da ke ciki wajen ɗurawa sai ta hau tsani ta ɗebo da cokali ta kai baki. In ta gyaɗa kai a buɗe famfo. In ta yamutsa fuska a ƙara wuta ko a ƙara tsami. Sau huɗu ake ɗora kowace tukunya a yini, cokali talatin da biyu ke nan take sha. Uwar Tukunya ma'aikata ke ce mata, kuma ta fi son sunan a kan nata na gaskiya.

Ciwon a hankali ya lallaɓo. Ya fara da kafaɗu, ya sauka ƙugu, ya kama gwiwoyi da bayan wuya. Ta yi barci ta tashi kamar an kwana ana jibgarta. Aka ɗebi jini, lafiya lau. Aka ɗauki hoto, lafiya lau. Daga nan dangi suka samu bakin magana, wannan ya ce son jiki ne, wancan ya ce raki ne. Raki! Matar da ta raine mu mu huɗu bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta aurar da uku, ta binne miji, ba ta taɓa fashin aiki ba. Ni da nake zaune a gidanta ina ganin yadda take dafa bango kafin ta miƙe, har yau in na tuna maganganun nan raina ɓaci yake.

Likita ta biyar ce ta zauna ta saurare ta. Ta daddanna wurare a jikinta, Yaya na zabura, sannan ta ce sunan ciwon faibromaljiya. Ba ya kisa, amma lallaɓa shi ake yi, da magani da motsa jiki da isasshen barci. Sai ta tambayi abin da take ci.

"Ni ko a shayi ba na sa sukari," in ji Yaya, har da ɗan alfahari.

Na ce, "Yaya, cokali talatin da biyun fa?"

Ta harare ni. "Wannan ai aiki ne, ba ci ba ne."

Da na yi wa likitar bayani sai ta ajiye biro. Ta ce, "Ba zan ce miki sukari ne ya jawo ciwon ba. Wasu in sun rage suna jin sauƙi, wasu ba sa ganin bambanci. Ki gwada wata guda mu gani."

Yaya ba ta wasa da umarni. A gida ta rage farin burodi, ta ƙara ganye da wake da kifi. A wajen aiki kuwa ta samo dabara. Ta sayi ƙaramin kofi mai murfi ta rataya a ƙugu. Ta ɗanɗana, ta juya shi a baki, ta tofar a kofin, ta kuskure baki da ruwa. Harshen dai shi ne ma'aunin, ba cikin ba, kuma ko tukunya ɗaya ba ta lalace ba.

A mako na uku na dawo daga kasuwa na tarar ta yi shanya da kanta, hannuwanta a sama. Na tsaya da leda a hannu ina kallo. Ta ce, "Kar ki fara murna, ciwon yana nan. Murya kawai ya rage." Ta ce haka, amma dariya take yi.

Akwai wata doguwar taga ta gilashi tsakanin ɗakin dahuwa da barandar da manaja ke zagayawa da baƙi. Ranar wata Alhamis ya kawo wasu manyan dillalai su ga tsabtar kamfani. Suna tsaye Yaya ta hau tsani, ta ɗanɗana, ta tofar. Ɗaya daga cikinsu ya juya ya tambayi manaja ko tukunyar ta lalace ne.

Baƙi na fita manaja ya aika a kira ta ofis.

"Uwar Tukunya, kin san abin da kika yi mini yau?"

Ta ciro takardar likita ta miƙa da hannu biyu. Ya kalla sama-sama ya ture gefe.

"Cokali ɗaya ne fa."

"Talatin da biyu ne, ranka ya daɗe."

Ta ce za ta riƙa zagayawa bayan tukunya inda ba a hangowa daga taga. Ta ce ko labule a sa, ita za ta ɗinka. Ya ce ina! Ma'aikata ai suna da ido da baki, gobe magana ta fita gari cewa wadda ke dafa lemon ma ba ta iya haɗiye shi. Ya ba ta zuwa Litinin, ko ta haɗiye ko ta ajiye cokalin.

Mutumin nan, ku ji da kyau, ruwan gora yake sha a ofis. Matarsa ta hana shi lemo saboda tumbinsa, kowa a kamfanin ya sani. Shi an yarda ya kula da jikinsa.

Na yi faɗa har muryata ta dishe. Na ce ta ajiye musu tsiyarsu, su nemo wani harshen su gani. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "In ajiye in kama me? Shekarata hamsin da biyu, abin da na iya ke nan. 'Yar autata saura mata shekara ɗaya ta gama makarantar jinya. Ki bari ta gama."

Ranar Litinin ta bar kofin a gida a kan tebur ta tafi aiki.

Ban san ko sukarin ne kaɗai ba, ko har da baƙin ciki. Likita ma ta ce ba za ta iya rabewa ba. Abin da na sani shi ne bayan kwana goma sha biyu na shiga ɗakinta da safe na same ta zaune a bakin gado, ta gama shiri tsaf, ɗankwali a cinya. Hannuwan sun ƙi ɗaguwa su wuce kafaɗa. Ba ta kira ni ba, ta dai zauna tana kallon agogo.

Na karɓa na tsaya a bayanta na fara ɗaura mata.

"Sassauta kaɗan," ta ce. "Fatar kan ma ciwo take."

Na sassauta. Ta dafa bango ta miƙe, ta ce in miƙo mata jakarta, motar ma'aikata ba ta jira.