Jan Maɓalli a Hanyar Buruku

Mun tashi da asuba daga Hayin Banki, ana fitowa daga masallaci, za mu ta'aziyya wani ƙauye gaba da Buruku: ni da ƙanena mai motar, da matarsa. Tun ana gobe tafiya ya kafa doka, kowa ya bar babbar wayarsa a gida. Masu bin hanyar Birnin Gwari sun san dalili. In aka tare ku, waya ake fara bincikawa, a ga saƙon banki, a ga su wa ka sani. Sai ya sa sabon layi a ƙaramar waya mai tocila, babu lambar kowa a ciki.

Na ce, "To in wani abu ya faru fa?"

Ya nuna min wani jan maɓalli a saman gilashi. "Yaya, motar nan daga Turai ta zo. Ko kin suma, ita da kanta za ta kira agaji."

Raina bai kwanta ba, amma motarsa ce.

A Mando muka sayi ƙosai, uku ɗari biyu, kowanne bai fi ƙwan zabo ba. Daga nan muka kama hanya. Kwalta duk ramuka, ciyawar damina ta fi mutum tsawo, babur ya ɓullo sai gabana ya faɗi. Ƙanena kuwa gudu yake, don ba a son jinkiri a hanyar.

Gudun ne ya ja mana. Tayar gaba ta faɗa rami ta fashe, mota ta ƙwace ta daki bishiya. Ni da matarsa muka fito da ƙafarmu. Shi kuwa sitiyari ya danne shi, jini na bin fuskarsa.

Motar ta yi magana kam. Muryar wata mata, cikin wani yare da ba Turancin da na koya a ajin manya ba, sai ta yi ɗif. Na danna maɓallin har yatsana ya yi zafi. Ashe 'yan agajin ƙasarsu take nema.

Motoci biyu suka wuce ba su tsaya ba. Sun ɗauka tarko ne, ban ga laifinsu ba. Ga waya a hannuna, ga sabis, amma wa zan kira? Matarsa kuka kawai take. Lamba ɗaya na haddace a duniya, tawa.

Na kira wayata da na bari kan gado. Ta yi ƙara har ta katse, sau uku. Ni ce na hana kowa taɓa ta a gidan, har da rantsuwa. Numfashin ƙanena ya fara sarƙewa. A na huɗu matar ɗana ta ɗauka, ta ce: "Mama ba ta nan."

"Ni ce Mamar! Buɗe kunnenki!"

Ita ta duba lambobin da ke wayata, ta nemo 'yan'uwanmu na gidan rasuwar. Suka zo da a-kori-kura da ƙarafa, suka ɓanɓare sitiyarin. A bayan motar muka juyo Kaduna, kansa a cinyata, ina kiran sunansa kar ya yi barci. Haƙarƙari biyu da ƙafa suka karye, amma da ransa.

Sai bayan la'asar na shiga gida. Abin da na koya: maɓallin da bai san a wace ƙasa yake ba ado ne, wayar da babu lamba kuma tocila ce kawai. Yanzu ina haddar lambobi uku kamar karatun allo. Dokar taɓa waya kuwa na janye ta, na kira matar ɗan nawa na faɗa mata da bakina. Bai yi min daɗin faɗa ba, amma na faɗa.