Malam Hambali Mai Ƙofar Ruwa Zai Ajiye Aiki

Ana idar da sallar Asuba Malam Hambali yake hawa tsohon kekensa, ya bi bakin kanal ɗin da ke shayar da gonakinmu tsakanin Kura da Bunkure. Aikinsa buɗe ƙofar ruwa da rufe ta: yau masu shinkafa, gobe masu albasa da tumatir. Iya abin da aka ɗauke shi yi ke nan, sauran shi ya ɗora wa kansa.

Kuɗin yashe kanal kullum suna cikin kasafin shekara, mukan sha jin su a rediyo. Sai rani ya kama a ce an samu giɓi, ba a saki komai ba. Kacala kuwa, ciyawar nan mai toshe ruwa, ina ruwanta da kasafi? Bara ta cike kanal har ruwa ya fara tsattsafowa ta wata ɓaraka a saman unguwarmu. Wallahi na tsorata. Idan bakin nan ya ɓalle, gidajen ƙasa ne a gangaren, da yara a ciki.

Halimatu Sa'adiyya mai turara shinkafa ce ta hango Malam Hambali cikin ruwa har ƙirji, da lauje a hannu.

Ta ce, "Baba, ka fito, akwai macizai! Ka bari gwamnati ta zo."

Ya ce, "'Yata, ruwan ne ba zai jira ba. Maza ki turo mini mazan unguwa da buhunan yashi."

Ya datse ƙofa, alhali ranar masu albasa ce. Ya sha zagi, har wani ya ɗaga masa fartanya. Bai buɗe ba sai da aka toshe ɓarakar.

Malam Hambali, kai ne katangar da ba a taɓa sawa a kasafi ba. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri.

Amma hankalina bai kwanta ba. Ƙarshen watan nan za ka yi ritaya, an kuma ce saboda giɓin an dakatar da ɗaukar ma'aikata, ba wanda za a turo. Samarin Kura da Bunkure, don Allah ku bi bawan Allahn nan ku koya tun yana nan. Jiya na bi ta wurin da aka toshe, ƙasar ta fara jiƙewa.