Gaba Shida na Kakana

Shekaranjiya na leƙa cikin tankin ruwanmu don in ga abin da ya rage, na yi magana, sai muryata ta dawo mini da sanyi. Nan take na ja da baya da sauri na rufe tankin. Wanda bai taɓa jin muryarsa daga ƙasan rijiya ba zai ce raki ne. Bari in ba ka labarin.

Kakana na wajen uba dogon mutum ne, sai ya sunkuya yake shiga zaure. Da ƙuruciyarsa ya tuƙa jirgin fito a gulbin Jega, kuma ko da ya bar ruwa ya koma noman albasa a wani ƙauye kusa da Maiyama, bai bar awon 'yan ruwa ba. Komai nasa da gaba yake aunawa, wato ya ware hannuwansa biyu, daga yatsan wannan zuwa na wancan. Zurfin gulbi gaba ne, tsawon fage gaba ne, har daga ƙofarmu zuwa masallaci ya san gaba nawa ne. Tafiya mai nisa kuwa zango yake cewa. Na taɓa tambayarsa gaba nawa ke cikin zango ɗaya, ko cikin mil ɗin da ake rubutawa a duwatsun bakin titi. Ya yi dariya ya ce, "Amaryata, zango ai gajiyar jaki ce. Mil kuma sai ki tambayi mai mota."

Ina 'yar shekara tara, wata bazara mai zafi, igiyar rijiyar gidanmu ta tsinke, guga ya tafi ƙasa. Kaka ya ce wa babana ya sayo sabuwa a kasuwar Aliero, gaba shida. Baba ya tafi, ya auna da hannuwansa, aka yanka masa. Shi kuwa Baba gajere ne, uwarsa ya ɗauko.

Da hantsi, Inna na daka a bayan ɗaki, na hau bakin rijiyar ina leƙen gugan. Ban san yadda aka yi ba. Na dai ji ƙasa ta zame, haske ya juya, ruwa ya rufe ni. Da na taso sai hannuna ya sami wani ɗan rami a jikin bango, na maƙale. Sanyin ya shiga har ƙashina. Can sama sararin ya koma kamar faifai. Na ƙwala kiran Inna, muryar ta yi ta bugun bango tana dawo mini.

Sai kawuna suka rufe hasken. Na ji salatin Inna, na ji Baba, wanda shigowarsa ke nan daga kasuwa, yana cewa zai diro. Kaka ya daka masa tsawa: "Kak ka soma! Bisa kanta za ka faɗi. Kawo igiyar."

Ina kallonta tana saukowa, sabuwa fil, tana lilo. Ta zo, ta zo, sai ta tsaya. Na miƙa hannu iya ƙarfina, tsakanina da ita ya fi tsawon mutum. Na jira ta ƙaro. Ba ta ƙaro ba.

"Sake ta mana!" in ji Kaka.

"Ta ƙare, Baba," in ji babana.

"Ta ƙare ƙaƙa? Ba shida nic ce maka ba?"

"Shida na auna."

Yatsuna sun fara mutuwa, laka na narkewa a ƙarƙashinsu. Aka janye igiyar sama, na zaci an bar ni ke nan. Jim kaɗan sai ga wani farin abu na saukowa, da zarge a bakinsa. Ƙamshin turaren Kaka ne ya riga shi isowa. Rawaninsa ne ya ƙulla a igiyar. Ya leƙo ya ce, a hankali kamar yana lallashin akuya, "Sa hannuwanki ciki, amarya, har hammata."

Da suka fito da ni, ban fara kuka ba sai da na dubi Kaka. Tunda nake ban taɓa ganin kansa a buɗe ba. Ga tsoho zaune a ƙasa, kai fari fat, hannuwan nan dogaye a kan cinyarsa. Baba na tsaye yana duban nasa hannuwan kamar na wani ne. Kaka bai yi masa faɗa ba. Ya ce kawai, "Ni na manta gabana ba naka ba ne."

Yau an cike rijiyar nan, burtsatse muke sha, masu haƙa shi kuma da mita suke magana, awon da bai san dogo ko gajere ba. Kaka ya daɗe da rasuwa. Baba ya tsufa, ya ƙara gajarta. Har yanzu ba a aikensa sayen igiya ya dawo da daidai. Ta shanyar da ya kawo mini bara ta zagaya tsakar gidana sau biyu ta yi saura. Maigidana ya ɗauko wuƙa zai rage, na ce ya bar ta haka.